Ranar da Mabuɗin Anti Ya Zaga Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban asibiti, iyayenmu likitoci, ma'aikatan jinya, jama'ar ɗakin magani da ta ɗakin gwaji, da 'yan'uwana na ofishin kwamfuta waɗanda ba a tunawa da su sai na'ura ta ƙi buga takarda, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ta musamman ga Antinmu, shugabar ɗakin gwaji, wadda ta yarje mini in ba da labarinta bisa sharaɗin ba zan ƙara gishiri ba.

Kun san bayanan marasa lafiya da ƙananan asibitoci ke turo mana a kulle suke zuwa, kuma ba abin da ke buɗe su sai wani ɗan fayil da muke kira mabuɗin sirri, wanda ke cikin kwamfutar Anti. A cikin bayanan nan akwai ciwon da mutum bai faɗa wa ko mahaifiyarsa ba.

Watan jiya aka ba Anti sabuwar kwamfuta. Don tausayina, ta ce ba sai ta dame ni wajen mayar da mabuɗin cikin sabuwar ba. Ta maƙala mabuɗin a imel, ta rubuta kalmar sirrinsa a ƙasa don gudun mantuwa, za ta tura wa kanta. Sai yatsa ya zame, saƙo ya tafi wa duk ma'aikata, mutum ɗari da sha huɗu. Babban likitanmu ya amsa da "Na gani, madalla." Direban motar asibiti, da ya zaci katin biki ne, ya rubuto, "Allah ya sanya alheri, Anti."

Ina zaune sai ga ta tana haki. Ta ce, "Ƙanena, na yi ɓarna."

Na ce, "Wace iri, Anti?"

Ta ce, "Irin wadda kullum kake hana mu." Idonta ya ciko, ta ce, "Asirin mutane ne fa, ba nawa ba."

Nan take muka soke mabuɗin, muka ƙirƙiri sabo, muka sake kulle tsofaffin bayanai. Kwana uku ni da ita muna kiran asibitoci tara a waya, muna karanta musu lambar shaidar sabon mabuɗi harafi bayan harafi, har muryarta ta dushe. Iya bincikenmu, babu bayanin da ya fita.

To, jama'a, roƙona na farko: mabuɗin sirri ba ya shiga imel, ba ya shiga zauren hira na waya, ko da kanka za ka tura wa. Idan dole ya koma wata kwamfuta, a kulle shi da doguwar kalmar sirri, a sa shi a filasha, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a kai da hannu, a goge filashar bayan an gama. Kalmar kuma ta zauna a ka, ba a takardar da aka manna jikin allo ba. Mai magani, ban kira sunan kowa ba, ka daina kallon silin.

Na biyu, ba a aron mabuɗi. Abokin aiki ya ƙirƙiri nasa. Mabuɗin biyu ne: wanda ake rabawa shi ne na fili da ake kulle bayanai da shi, na sirri kuwa na mai shi ne kaɗai.

Na uku, kuma shi ne babba: in kuskure ya auku, a faɗa da wuri. Minti huɗu kacal Anti ta yi kafin ta same ni. Da ta ji kunya ta yi shiru, da yau ba dariya muke yi ba.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da mu gidajenmu lafiya, ya rufa mana asiri kamar yadda muke ƙoƙarin rufa na waɗanda suka amince mana.

Na gode.