Jawabin Tsohon Hedimasta Ranar Yaye Ajin Manya

Mai girma shugaban taro, malama mai kula da wannan laburare da ma'aikatanta, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, dattawan unguwa, ɗaliban ajin manya da ake yayewa a yau, 'ya'yanmu da jikokinmu da suka cika tagogi, ina yi muku sallama: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana, ko da yake na san dalili. An duba an ga tsohon hedimasta ne, shekara talatin da huɗu yana riƙe da alli, an ce shi ya dace ya yabi karatu. To zan yaba, amma sai na fara faɗa muku gaskiya: da kishi na shigo ɗakin nan, kuma har yanzu da nake tsaye bai sake ni ba.

Abu na farko, ku dubi layi na biyu, mutumin da ke sunkuyar da kai. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu a gida Auta muke ce masa, yaranku kuwa Baba Kafinta. Muna ƙanana mahaifinmu ya raba mu, ni ya tura ni makaranta, shi ya kai shi shagon kafinta. Tun daga nan duk takardar da ta shigo hannun Auta, ƙofata take kwana. Wasiƙa ce, ni. Takardar asibiti ce, ni. Sakamakon jarrabawar 'ya'yansa ne, ni. Zai tsaya ya cire hula ya ce, "Yaya, a duba mini." Ni kuwa in sa tabarau, in yi gyaran murya, wani lokaci ma in ce ya dawo bayan la'asar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ina jin daɗin tsayuwar nan tasa.

Bara waccan aka kira shi ya gyara kantocin littattafan da ke bayanku. Yana cikin aiki malama ta miƙa masa takarda ta ce ya duba awon. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce ya manta tabarau a gida. Auta bai taɓa sa tabarau ba. Malama ba ta kunyata shi ba, ta ce, "Baba, Litinin da Laraba da yamma muna zama da manya a ɗakin can. Akwai kujera ɗaya da ke rawa, ko za ka zo ka duba mana ita?" Ya zo duba kujera, ya zauna a kanta wata goma sha huɗu.

Ni dai na ga takardu sun daina zuwa. Na zaci fushi yake da ni. Sai ranar da aka yi mini aikin ido, ina kwance an rufe mini fuska da bandeji, na ji wani a gefen gado yana karanta takardar magani, a hankali, harafi bayan harafi. Na ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ni ne, Yaya. Ɗigo biyu safe da yamma." Jama'a, kamata ya yi in yi murna. Juya masa baya na yi.

Abu na biyu shi ne karatun yara na ranar Asabar. Jikata ta dawo gida tana ba ni labarin wani mai karanta musu littafi a kan darduma, wai har muryar zaki yake yi. Na ce wane malami ne? Ta ce, "Kaka Auta mana. Ya fi ka iyawa." Asabar ta zagayo na zo na zauna can baya kusa da jaridu, na buɗe jarida ina kallonsa ta samanta. Na ƙirga masa kuskure bakwai. Da aka tashi na je na kai wa malama ƙara. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To Baba Hedimasta, mako mai zuwa kai za ka karanta."

Na zo da babbar riga. Na karanta ba kuskure ko ɗaya, na tsaya a kowace aya, na ja numfashi a kowane waƙafi. Kafin in kai shafi na uku, biyu sun yi barci, ɗaya yana cire zaren darduma, wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Yaushe Baba Kafinta zai zo?"

Abu na uku shi ne ya fi yi mini nauyi, kuma ke malama, da ke nake. Kishin da nake yi da Auta ƙarami ne a kan wanda nake yi da ke. Yara dubu nawa na koya wa karatu, 'ya'yan mutane, 'ya'yan baƙi, wasu yanzu likitoci ne. Ƙanena yana zuwa ƙofata shekara arba'in da takarda a hannu, ban taɓa ce masa zauna in nuna maka ba. Ke da ba ki kai 'yata ta fari ba, kin yi abin da ya kamata a ce ni na yi. Wannan ladan nawa ne, ina kallo kika ɗauke shi, kuma ba ni da bakin magana.

Saboda haka, ya ku jama'a, ku yi amfani da gidan nan. Akwai aron littafi kyauta, akwai masu manyan baƙaƙe don irinmu masu raunin ido, akwai mai taya ku cika fom, ana ma kai wa marasa lafiya littafi har gida. Akwai ajin kwamfuta, inda na yi rajista watan jiya, na tarar Auta ya riga ni da wata uku, shi ke nuna mini inda zan danna. Duk wanda yake da ɗan'uwa da ke kawo masa takarda, ya kawo shi nan, ko ya zaunar da shi ya koya masa da kansa, tun kafin wani ya riga shi.

Allah ya albarkaci wannan gida da masu hidimarsa. Allah ya ƙara wa ɗalibanmu basira, ya raya mana yaranmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku taya ni da addu'a, Allah ya yaye mini abin da ke raina.

An ce ni zan miƙa takardun shaida, kuma ta farko a hannuna tasa ce. Taso, Auta. Ba zan kira sunan ba. Zo ka karanta wa mutane da bakinka.

Na gode.