Safiyar da Na Ƙi Amsa Gaisuwar Malam Sale

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya yi haƙuri da ni lokacin da ni kaina na gaji da halina.

Sunana Habila. Manomi ne ni, daga wani ƙauye a yankin Shanono. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka zan faɗi maganar yadda take. Laifina tun ina saurayi shi ne zafin zuciya. Na taɓa jifan akuyata da fartanya don kawai ta tsaya tana kallona. Matata Saratu tana nan zaune, ba za ta ƙaryata ni ba.

A shekarun nan da komai ya yi tsada, takin zamani ya gagari talaka, dole na sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗata guda biyu. Maƙwabcina Malam Sale, Musulmi ne, gonarsa tana jikin tawa, shi ma ya sayar da nasa ɗaya. To, bijimi ɗaya ba ya jan garma. Sai muka haɗa nawa da nasa a karkiya guda, yau gonarsa, gobe tawa. In babu bijimin Malam Sale, babu huɗa a gonata. In babu huɗa, babu gyaɗa, kuma da gyaɗar muke riƙe gida.

Cikin wannan hali ciwon kai ya kama ni, ga jiri. Ran kasuwa na shiga asibiti, malamar ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai. Ga magani, amma sai ka rage tunani."

Rage tunani! Kamar wani buhu ne da zan sauke a bakin hanya! Na fito ina masifa ni kaɗai.

Na kai kukana wurin mai bishararmu, Baba Iliya. Ya ce, "Habila, ba za ka iya daina tunani ba, amma za ka iya canza abin da kake tunawa. Kowace safiya, kafin ka taɓa fartanya, ka ɗauki aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki. Ka zauna shiru, ka ja numfashi a hankali, ka yi ta juya ayar a zuciyarka. Kada ka roƙi komai tukuna. Ka zauna kawai a gaban Ubangiji."

Na ce, "Har tsawon wane lokaci?"

Ya ce, "Gwargwadon yadda kofin koko mai zafi yake hucewa."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Wayyo!

Ranar farko na zauna a ɗaki, na rufe ido. Ko rabin ayar ban kai ba Saratu ta leƙo. "Baban Rahila, me kuma na yi? Miyar jiya ce?" Na ce addu'a nake. Ta ce, "Wace irin addu'a ce baki ba ya motsi, fuska a murtuke?" Na daka mata tsawa. Zaman natsuwata na farko ke nan, da tsawa ya ƙare.

Rana ta biyu na koma bayan rumbu. Cinnaka suka hau ni.

Sai na tafi gona, ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin hanya. Kun dai san ƙasarmu: gona jikin gona, gida jikin gida, babu inda mutum zai zauna ido bai gan shi ba. Kuma wa zai wuce ka bai gaishe ka ba? "Sannu da hutawa, Habila." "Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa?" Da na rufe ido sai wani ya sake tsayawa. Wata tsohuwa, Inna Talatu, har tulunta ta ajiye, ta durƙusa kusa da ni. "Wa ya rasu, ɗan nan? Faɗa mini, zan iya ɗauka."

Haba! Na ce a raina, daga gobe ko wa ya zo, ba zan amsa ba. Ai da Allah nake magana. Kun ji girman kai ya sa rigar ibada.

Washegari da safe, an kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙu sosai. Ina zaune na ji takun mutum ya tsaya.

"Habila, ina kwana?"

Muryar Malam Sale ce. Na yi shiru.

"Habila, an tashi lafiya? Yaya ruwan jiya?"

Na ƙara matse ido.

"Habila! Da kai fa nake."

Sau uku dattijon nan ya gaishe ni, ina jinsa sarai. Ya ɗan tsaya, sannan na ji takunsa yana nisa. Ni kuwa har daɗi na ji, wai na ci nasara a kan jarraba.

Ashe ya zo ne ya gaya mini a fara huɗa da gonata a ranar. Na yi jira, bijimi bai zo ba. Washegari na hango shi can a gonar wani, an haɗa shi da wani bijimin, ana ta tayar da kunya. Jinina ya tafasa, kaina kamar zai tsage.

Na nufi gidan Baba Iliya da faɗa. "Ga abin da shirunka ya jawo mini! Kowa yana shuka gyaɗa, tawa gonar tana kwance!"

Ya bar ni na gama. Ya ce, "Zauna. Kwanakin nan da kake rufe ido, me kake yi a ciki?"

Na ce ina juya aya.

Ya ce, "Habila, ni ne fa."

Kunya ta kama ni. Gaskiya ban taɓa kai ƙarshen ayar ba. Ina zaune ne ina zagin mai sayar da taki, ina zagin masu gaishe ni, ina shirya amsar da zan ba wanda ya ɓata mini rai bara. Bakina kaɗai ne ya yi shiru.

Ya ce, "Kuma ka san a garin nan mutumin da ya ƙi amsa gaisuwa sau uku, gaba ya ƙulla. Ka tafi ka sake zama gobe."

Na koma ƙarƙashin ɗorawar ba don ina so ba. Na zauna. A karon farko ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na ce, "Ubangiji, ban iya ba. Ban iya shiru ba, ban iya magana ba. Ka koya mini." Na ja numfashi, na sauke. Na sake ja. Ayar tana maganar natsuwa a gaban Allah, na bi ta kalma kalma har ƙarshe. Sai na ji kafaɗuna sun sauko, ban ma san a ɗaure suke ba duk shekarun nan. Hawaye suka zubo. Ni Habila! Abu ɗaya ya tsaya mini a zuciya, a fili: tashi ka je ka gai da maƙwabcinka.

Na same shi yana ba bijiminsa harawa. Na cire hula, na durƙusa.

"Malam, ina kwana?"

Bai juyo ba. Ya ce wa bijimin, "Ka ji, ashe yana da baki."

Na ce, "Na yi laifi. Ina jinka ranar nan. Ibada nake koyo, ban iya ba."

Sai ya juyo. "Ibada? To ai sai ka faɗa! Mu in mutum yana salla, kowa ya gani ya san salla yake, sai a jira shi. Kai kuwa ka zauna a bakin hanya kamar mai sayar da rake, ka rufe ido. Na ce ko maganar iyakar gona ce ta bara ta dawo. Kwana biyu ban ji daɗin tuwo ba, Habila."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Shekara ashirin muna maƙwabtaka.

Ya yafe mini, amma ya riga ya yi wa mutumin can alkawarin kwana huɗu, kuma Malam Sale ba ya saɓa alkawari. Sai da suka gama aka zo gonata. Gyaɗata ta shiga ƙasa a makare, abin da na samu bai kai na bara ba. Ban ɗora wa Shaiɗan ba, ni na jawo.

Malam Sale ne ya ba ni dabara. Ya ce in kafa fartanya a gabana, in rataya hulata a kan ƙotar, kowa ya san ina addu'a. Haka nake yi kullum yanzu, damina da rani. Ba kowace rana take daɗi ba. Wata safiyar har koko ya huce ina faɗa da mutane a cikin kaina, sai in ce, "Ubangiji, ga ni kuma," in sake farawa. Wanda ya gaishe ni kuwa ina amsawa, in koma inda na tsaya. Allah ba ya tashi ya tafi don na ce wa mutum lafiya lau.

Ina shan maganina, ban daina ba. Da na koma asibiti malamar ta ce jinin ya sauko. Ciwon kan ya ragu ƙwarai. Har yanzu ina fushi, amma yanzu ina jin zuwansa tun daga nesa.

Makon jiya ina zaune, na ji wasu 'yan kasuwa sun tsaya za su gaishe ni. Sai muryar Malam Sale daga gonarsa: "Ku wuce, ku wuce! Yana gaban Ubangijinsa. Ku ba ni gaisuwar, zan ajiye masa."

Haleluya! Na gode wa Yesu da ya cece ni daga hannun zuciyata, ya kuma bar mini maƙwabcina. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka gwada zama a gaban Allah ka kasa, gobe ka koma. In ya iya zaunar da ni, ba zai gaza da kai ba. Ka dogara gare shi. Amin.