Wa Ka Sa a Ƙarshe?

Shekara tara ke nan ban ambaci ƙanena Bishara a cikin addu'a ba, tun ranar da muka ɓata. Wata Juma'a ina layin shiga kabarin Yesu a Urushalima, sai na ji wata tsohuwa 'yar garinmu tana zolayar, da Turanci, wani ɗalibi ɗan ƙasar Peru da ke riƙe da doguwar takarda.

"Samari, jarida ka kawo wa Yesu?"

"Sunayen 'yan cocinmu ne, Iya, mutum arba'in. Na yi alkawarin yi musu addu'a a ciki."

"Kafin ka kai na biyar mai tsaron ƙofa ya fito da kai. Wa ka sa a ƙarshe?"

"Kawuna Eusebio. Ba ma ga maciji."

"Mai da shi farko. Sauran ai kullum Allah yana jin labarinsu a bakinka. Ni da matar ɗana nake farawa, shekara ashirin ke nan."

"Ta gyaru?"

"Ina fa. Amma dai har yau ban shaƙe ta ba."

Da layi ya zo kaina, na durƙusa, na ɗora goshina a kan dutsen kabarin. Lokacin da aka ba ni bai wuce na ambaton suna ɗaya ba, kuma na faɗi na ƙanena.