Rigar Aikin Ƙanwata da Jarkar Zamzam

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hajara, daga Rusaifa a nan Makka.

Ƙanwata Maryam ma'aikaciyar jirgin sama ce. Watan jiya ta ɗauki hutu za ta Kano duba Innarmu da ke kwance. Na yi wa Inna alkawarin zamzam, amma ina tsoron a jefa jarkar cikin kaya ta fashe kamar bara. Sai na ce Maryam ta sa rigar aikinta, ta bi ƙofar ma'aikata a filin jirgin Jidda, ta shige da ita a hannu.

Ta ce, "Yaya, ƙofar nan ta wanda ke bakin aiki ce. Ranar hutu ni fasinja ce kamar kowa."

Na ce, "Au, dokar kamfani ta fi miki uwarki?"

Sai ta tashi ta goge rigar.

A ƙofar aka duba, babu sunanta cikin masu aikin ranar. Aka karɓe katinta na aiki, jirgi ya tashi ya bar ta. Yanzu an dakatar da ita, ba halin tafiya sai an gama bincike.

Abin da ke cina shi ne, ba ta gaya wa kowa ni na sa ta ba. Jiya Inna ta kira ni tana faɗa, wai Maryam ta fifita aiki a kanta, don ba ta san abin da ya faru ba. Wallahi har muka ajiye waya ban gaya mata gaskiya ba, ga jarkar da Maryam ta dawo da ita a gabana.

Masu sauraro, ku taimake ni. Wa zan fara tunkara, Inna ko Maryam?