Maganin Hajiya Ya Zaga Layinmu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni dattijo ne mai ritaya, ina zaune a Unguwar Dosa. Maiɗakina, Hajiya Talatu, ta daɗe tana fama da ciwon gajiya mai naci. Ko tsakar gida ta share, sai ta wuni a kwance, barci kuma ba ya wartsakar da ita. Bana likitoci suka sa ta cikin gwajin wasu ƙwayoyin gina jiki. Suka ce su ma ba su tabbatar da amfaninsu ba, ta riƙa sha kullum su gani.

To, kun san matanmu. Duk wadda ta zo dubiya sai ta tuna ita ma jikinta a mace yake. Hajiya ta ɗebo ta ba ta. Da na yi magana ta ce, "Alhaji, mace ta tako har ɗakina, in ce mata babu?"

Kwalbar maganin ta wata guda ta ƙare tun wata bai raba ba. Yanzu matan layinmu duk sun ce sun warke, mai ciwon tana kwance.

Jibi za mu koma asibiti. In mun faɗi gaskiya, ana iya cire ta daga gwajin. In mun yi shiru, za a rubuta magani bai yi ba, alhali ba ta sha yadda aka ce ba. Masu sauraro, me zan gaya wa likita?