Jerin Alhaji Muhsinu

A tashar Diffa motar Maine-Soroa ta ƙi cika. Alhaji Muhsinu mai shago ya gaji da shiru, ya zaro takarda daga aljihu ya juya wajen wani dattijo da ke zaune kan buhun tattasai.

"Baba, kana dara?"

"Ina dai kallo."

"To ka zo gasarmu ran Juma'a, a ƙofar gidana. Na ma jera gwanayen. Na ɗaya Ɗan Azumi tela, shi ba ya gaggawa. Na biyu ni. Na uku Abbakar na Shetimari, ya iya, amma da an zuga shi sai ya ɓata wasa."

"Kyari fa? Wanda ya ƙetaro daga Damasak, yake zaune a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam. An ce duk bakin kogin nan babu mai zama gabansa."

"Gasar ta ƴan gari ce. Sai mai gida a Diffa."

"Bara ai ya shiga."

"Bara babu wannan dokar."

"Wa ya kawo ta?"

"Kwamiti."

"Su wa ke ciki?"

Alhaji ya gyara hula. "Ni da ƙanena."

"Ka taɓa zama da shi ke nan."

"Sau bakwai. Mutumin ko ƙasa ba ya kallo, Baba. Yana hira da ƴan kallo yana kwashe maka tsinkaye. Wannan wasa ne ko wulaƙanci?"

Kwandasta ya fara kiran fasinja. Dattijon ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"To gyara takardarka, Alhaji. Kai ne na uku."