Wasan Mota a Kan Shanyar Ayata

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Cadawa nike rubutowa don in yaba ma ɗan Alhajin unguwarmu, gwanin da lakol, wato makarantar boko, ta gagara amma mota ba ta gagare shi ba.

Shekaranjiya na shanya ayar da na noma bana a filin bayan kasuwa. Sai ga shi da motar ubanshi, wai yana koyon wasan mota. Ya taka wuta, ya ja birkin hannu, gindin motar ya share shanyar kaf, ta koma rairayi.

Na ce, "Kai, makaho ne kai?"

Ya ce, "Haƙuri, Baba, kwanar hagu ce ban gama iyawa ba. Gobe zan dawo."

To, masu sauraro, wa ke da gyaɗar da zai shanya mashi gobe?